Sunan da Inna Ta Kira a Majigin Maiyama

Shekarun baya masu nisa, tun Turawa na riƙe da ƙasar nan, tun in an ji ƙugin mota gari ke fitowa kallo, wani abu ya faru tsakanina da surukata wanda har yau bai bar raina ba. Abin da ya tayar min da shi, shekaranjiya na iske jikokina sun yi cincirindo kan waya guda suna ta ƙyaƙyata dariya. Wai wani tsohon fim sunka samu, marar launi, mutanen ciki na tafiya da sauri-sauri kamar an biyo su. Na ce su miƙo in gani, sunka ce ai Kaka ba za ki gane ba. Ni ce ba zan gane ba? Na ce ku zauna nan, 'yan nema, na kalli majigi tun ba a haifi iyayenku ba. Ɗaya daga cikinsu ce ke rubuta wanga labari, in kun ga kuskure nata ne.

Ni 'yar Dangamaji ce, anka kawo ni aure Aliero. Maigidana ɗan fari ne wajen uwarsa. Ita kuwa Inna jinin Fulani ce, irin waɗanda sunka daɗe da ajiye sandar kiwo sunka kama noman albasa, amma kunyarsu tana nan ba su ajiye ba. Yaran yanzu ba ku san wannan ba, don haka bari in faɗa muku. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda yake zaune, in kuwa yabonsa ake sai ta tashi ta ba da wuri. Inna "wancan yaron" take cewa, in da ni take magana ta ce "maigidanki". An ba ni labarin yana ƙarami ya faɗo daga bisa kanya ya karye a ƙafar hagu, masu ɗori sunka zo suna ja yana kwarara ihu, Inna na bayan zana tana tankaɗe, ko leƙowa ba ta yi ba. Gari ya daɗe yana yabonta a kan haka. Ƙafar ta warke, sai dai in yana tafiya yakan ɗan jefa ta waje kaɗan.

To ni ma matar aure ce, ba ni faɗin sunan miji. Kun ga ke nan, gida guda, mata biyu, dukanmu mutum guda ne a ranmu, kuma ba mai iya buɗe baki ta kira shi.

Ban cika shekara a ɗakina ba anka zo neman mazaje, wai Turawa na yaƙi can wata ƙasa bayan teku. Maigidana ƙaƙƙarfa ne, ga shi da son ganin duniya, sai ya shiga cikin masu tafiya. Ranar da za su tashi gari duk ya fita rakiya, mata na kuka. Ni na yi nawa a ɗaki har idona ya kumbura. Inna kuwa tana tsakar gida tana zaɓen albasa, mai kyau gefe, mai ruɓewa gefe. Ya zo ya durƙusa nesa da ita ya ce ya tafi. Ba ta ɗaga kai ba, ta dai ce Allah shi kiyaye hanya, kamar baƙo take sallama. Wallahi a ranar na ce a raina matar nan dutse gare ta a ƙirji.

Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, shiru. Da fari akan ji ɗan labari a bakin masu zuwa Sakkwato, daga baya ko wannan ya yanke. Wasu sunka ce jirgin da ya ɗauke su ya nutse, wasu sunka ce zazzaɓin daji ya cinye rabinsu. Surukina namiji ya riga ya rasu, ni da Inna da ƙannen maigidana ƙanana muke ta fama da fadama, mu ja ruwa, mu yi dashe, mu ci abin da ya samu.

Ana nan sai yayana ya zo daga Dangamaji. Shi ke tsaye a kaina tun rasuwar mahaifinmu, mutum ne mai zafi amma ba mugu ba ne. Ya gaida Inna da ladabi, sannan ya ce shi fa ya gaji da ganin ƙanwarsa ba ta ga miji ba, ba ta ga takaba ba. Ya ce da zarar an gama cirar albasa zai kai ni gaban alƙali a Jega a raba auren, in koma gida, in Allah ya kawo wani in yi. Ba laifinsa ba ne, ko shari'a ta ba shi wannan. Ni dai ba na so. Ba ni da hujjar da zan kafa, ba ni da ɗa, ba ni da labari, sai dai zuciyata da ta ƙi yarda mutumin nan ya mutu. Na juya ina kallon Inna ko za ta ce a ƙara haƙuri. Ta ce ɗiyar mutane ce, ba a ɗaure ta, abin da kunka gani shi ne daidai. Ina za ta roƙa? Roƙon a jira shi ai nuna so ne, ita kuma ba ta nunawa. Na shiga ɗaki na yi ta cizon yatsa.

Ana tsakar cirar albasa, zafi ya fara, sai mai shela ya zaga gari wai yau bayan magariba za a yi majigi a filin ƙofar hakimi, kowa ya fito, maza da mata. Malaman unguwarmu sunka ce sihiri ne, wanda ya kalla ya sake alwala. Amma da lokaci ya yi na hango biyu daga cikinsu can baya sun ja rawani sun rufe baki. Ni ban sa ran zuwa ba, sai na ji Inna ta ce in ɗauko tabarma, ba ta son yaran su tafi su kaɗai.

Wata ƙatuwar mota ce ta zo da kayan. Anka kafa itace biyu, anka ɗaura farin ƙyalle, anka tada inji yana ta ruri. Da haske ya faɗa kan ƙyallen mutane sunka bayyana suna motsi, sai da rabin fili ya ja da baya, wata tsohuwa kusa da ni tana ta a'uziyya. Hotunan ba su magana. Akwai wani mutum, Bahaushe, da ke tsaye gefen mota da abin magana a hannu, shi ke bayani, kuma shi ke sa wa mutanen ciki magana a baki. Ya iya shegantaka ƙwarai. In ya ga mai tumbi ya yi mishi murya mai kauri, in ya ga tsohuwa ya maƙe murya. Anka nuna yadda ake gina rijiya, anka nuna ƙuda ya cika ƙyallen nan kaf, wani manomi ya ce to Alhamdu lillahi namu ƙudajen ba su kai haka ba. Hoton duk ya yi zane-zane fari na zubowa, munka ɗauka ƙasarsu kullum cikin ruwan sama take, har ana tausaya musu.

Daga nan mai bayani ya ce yanzu ga 'ya'yanku da ke bakin daga. Fili ya yi tsit. Sai ga sojoji baƙaƙe irinmu, cikin wani daji mai duhu, suna ƙetare gulbi, ruwa har ƙugu, kowa da kaya a ka. Suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Can sai wani dogo ya iso tsakiyar ƙyallen, ya tsaya, ya waiwayo, ya cire malafa ya share fuska da ita, ya yi dariya. Sannan ya haye gaɓa ya yi taku kaɗan, hoton ya wuce.

Jama'a, gabana ya faɗi. Shi ne. Tsawon nan, wuyan nan, dariyar nan da ke karkata gefe. Na buɗe baki, sai na tuna da wadda ke zaune kusa da ni, na mayar na rufe. Mi zan ce? In ce Inna ga wane? Na saci kallonta, tana zaune kamar an dasa ta. Munka naɗe tabarma munka koma gida.

Da safe ina shara sai Inna ta ce in cika kwando biyu da albasa, tana so ta kai kasuwar Jega da kanta. Inna da ba ta zuwa kasuwa, ko ta Aliero aike take yi. Ni kuwa na riga na ji a bakin yara cewa motar majigi Jega ta nufa. Ban tambaya ba, ba ta yi bayani ba. Munka ɗora wa jaki, munka kama hanya.

Albasar nan ko ciniki ba mu tsaya yi ba, wanda ya fara tayawa shi munka sallama wa. Munka sauka gidan wata 'yar'uwar Inna, da magariba ta yi munka bi ayarin mata zuwa fili. Anka sake rijiya, anka sake ƙuda, sannan sojoji. Ga shi nan kuwa, ya tsaya, ya waiwayo, ya share fuska. A nan ne na yi wautar da har yau in na tuna nake dariyar kaina. Ni a zatona abin da ke faruwa a lokacin ake nuna muna, kamar ka leƙa ta taga. Sai hankalina ya tashi, na ce wayyo, tun jiya bawan Allah nan yana cikin ruwa, sanyi zai kama mishi ƙirji. Sai da wata Bajegiya da ta saba gani ta ce ke ƙauyus, ai abin a naɗe yake cikin gwangwani, kullum shi ake warwarewa. Na ji kunya, amma na ji sanyi a raina, ko ba komai ya fito daga ruwan.

Yayana yana Jega a ranar, dama ya zo ne ya ga magatakardan alƙali kan maganata, shi ma kuma ya kalli majigin daga wajen maza. Washegari ya zo gaida Inna. Na ja shi gefe, na yi ta kewaye-kewaye, na ce Yaya ba ka lura da wani dogo ba, wanda ya cire malafa? Ya gane inda na dosa. Ya ce ke dai kin so ki gani ne, soja cikin malafa duk kamarsu ɗaya, shi bai ga kowa ba sai inuwa. Na fashe da kuka. Da ya ga haka sai ya ɗaga murya yadda Inna za ta ji daga inda take zaune, ya ce:

"To ga uwar da ta haife shi nan. In ta buɗe baki ta ce ɗanta ne, na bar maganar alƙali. In ba ta ce ba, jibi mu tafi."

Ya san abin da yake yi. Ya san ko wuƙa anka sa mata a wuya ba za ta ce "ɗana" ba. Inna ta ci gaba da jan carbinta kamar ba da ita ake ba. Ni kuwa a ranar na tsane ta, ba zan ɓoye muku ba. Na ce a raina kalma guda ce tsakanina da mutuwar aurena, matar nan ta fi son a yabe ta da kunya a kan ta cece ni.

Da la'asar sai ta aika a kira yayana. Ta ce akwai gaisuwar mutuwa da ta daɗe tana bin ta a Maiyama, tunda ta fito gara ta sauke, kuma tana so in raka ta, in ya so daga can sai ya wuce da ni. Ta ce hanya da nisa, ga gulbi, mata biyu ba su tafi su kaɗai ba. Yayana ba shi iya musu da babba, ya ce to. Shi ma ya san motar majigi Maiyama ta nufa, na ga ya yi ɗan murmushi, irin na wanda ke cewa ku dai ku gama wahalarku.

Tafiyar nan ta ba Inna wuya. Rana ta buɗe, ƙafarta ta kumbura, munka ce ta hau jaki ta ƙi, wai ba a saba ba. Mai fito ya ƙetare da mu, munka yi ta tafiya muna hutawa gindin itace. Ba ta yi min magana ba sai sau ɗaya, ta miƙo min goro ta ce in ci, fuskata ta yi fari. Gaisuwar mutuwar kuwa da gaske akwai ta, sai dai mamacin ya kusa shekara a ƙasa, har mutanen gidan sunka yi mamakin ganinmu.

A Maiyama filin ya fi na Aliero cika, har daga ƙauyuka an zo. Inna ta ce mu matsa gaba, ita da kullum can baya take zama. Munka zauna dab da igiyar da ta raba maza da mata, ina hango yayana tsaye ya harɗe hannu. Rijiya ta wuce, ƙuda ya wuce, mutane na ta dariyarsu. Ni ban ga komai ba, ina dai lissafin gobe war haka ina gaban alƙali. Sojoji sunka shigo ruwa. Na ce bari in cika idona da shi, wannan ne na ƙarshe.

Dogon ya iso tsakiya, ya tsaya, ya waiwayo. Sai na ji tabarma ta motsa. Inna ta miƙe tsaye, tsohuwar nan da ko tari ba ta yi cikin taro, ta buɗe murya ta kira sunan. Sunansa na yanka, cikakke, har da jan ƙarshe irin na uwar da ke kiran yaro ya dawo daga wasa. Ban taɓa sanin tana da murya haka ba.

Fili ya ɗauke wuta. Wasu yara sunka fara dariya, manya sunka kwaɓe su. Mutumin cikin ƙyalle ya cire malafa yana share fuska, yana dariyar nan tasa. Shi kuma mai bayani, wanda tun Aliero ba abin da yake sai ba'a, na ga ya sauke abin maganarsa ya dubi Inna. Sannan ya mayar bakinsa, ya yi ƙasa da murya, ba shegantaka ko kaɗan, ya ce:

"Na'am, Inna."

Ai sai kuka ya ɓarke ta wajen mata. Ba mu kaɗai ke da mutum a can ba, ashe kowa daurewa yake. Wata ta kira nata, wata ma ta kira nata, har sojojin sunka gama hayewa ana kiran sunaye, mai bayanin nan yana amsawa ɗaya bayan ɗaya har muryarsa ta dushe. Inna ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na kama hannunta, karo na farko tun da anka kawo ni gidan, ba ta janye ba.

Yayana bai jira an tashi ba. Ya zagayo ya durƙusa gaban Inna, idonsa ja wur, ya ce ta yafe mishi, shi ya jawo ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ya ce maganar alƙali ta mutu, in zauna ɗakina har abin da Allah ya yi. Labari kuwa ya riga mu isa Aliero. Wasu mata sunka yi ta gulma wai Inna ta zubar da kunyarta a tsakar kasuwa, tsufa ya fara taɓa ta. Ta ji sarai. Ta koma "wancan yaron" ɗinta kamar ba abin da ya faru.

Bayan damina ta gaba anka ce yaƙi ya ƙare, mazaje sunka fara dawowa. Wata rana da hantsi ina daka sai na ji yara na ihu a ƙofar gida. Ya shigo, ya rame, ya yi baƙi, da wata jaka a kafaɗa. Na saki taɓarya ta faɗa min a ƙafa ban ko ji ba. Inna na jin sallamarsa ta tashi ta shige bayan rumbu. Ya bi ta ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon ƙasa. Da ya tashi sai ta kira ni ta ce wancan yaron an ba shi ruwa kuwa? Iyakar murnar da duniya ta gani ke nan. Amma ni na ga gefen zanenta jiƙe yake.

Na ba shi labarin majigi tun a daren farko, ya yi ta mamaki. Ya ce shi bai tuna wani Bature ya ɗauke su hoto ba, amma gulabe sun ƙetare ba iyaka, mai yiwuwa ne. Da na ce mishi Inna ta kira sunansa gaban mutanen Maiyama, bai yarda ba sai da ya tambayi yayana. Daga nan ya fita bayan gida ya daɗe bai dawo ba.

Shekaru sunka tafi, na haihu, na sake haihuwa. Majigi ya zama abin da anka saba, yara har sun haddace. Wata rana motar ta dawo Aliero, cikin abin da sunka nuna har da tsohon hoton sojojin nan, ya ƙara tsufa, ya yi duhu, yana tsalle yana yankewa. Samari na ta ihu a cire musu wannan tsohon abu a sa na dariya. Inna ba ta je ba, ƙafa ta hana. Ni da maigidana munka je, shi wajen maza ni wajen mata. Da munka dawo na ga yana ta juyi bai yi barci ba, na ce lafiya? Ya ce mutumin nan ba shi ba ne. Ya ce kayan da ke kansu ba irin na rundunarsu ba ne, gulbin ma bai san shi ba, mutumin dai ya yi kama da shi, shi ke nan. Na ce ka tabbata? Ya ce ai mutum ya san kansa. Na ce to don Allah kada Inna ta ji, ta zubar da kunyar shekara da shekaru a kan ɗan wata. Ya ce har abada.

Munka riƙe wanga sirri har Inna ta tsufa tukuf, ido ya tafi, sai ni ke mata wanka, ni ke mata kitso. Wata rana da yamma kanta na kan cinyata ina tsefe mata, sai ta ce ta ji an ce majigin sojojin nan ya sake zuwa shekarun baya, maigidanki ya gani? Na ce ya gani. Ta ce to ya faɗa miki ba shi ba ne? Tsinken tsifa ya faɗi daga hannuna. Na ce Inna wa ya gaya miki? Ta yi 'yar dariya, ta ce:

"Wa zai gaya min? Tun daren Aliero na sani. Ke fuska kike kallo. Ni da ban taɓa kallon fuskarsa ba, ina zan san ta? Ƙafarsa na sani. Wancan da ya hau gaɓa ƙafarsa lafiya lau take."

Na tambaye ta to mi ya kai mu Jega, mi ya kai mu Maiyama da kumburarriyar ƙafa? Ta ce ni take kallo, ba ƙyalle ba. Ta ga yadda na koma mutum a daren nan, ta san in anka raba auren ba zan ƙara zama daidai ba. Ta ce ta yi wa kanta alkawarin damina ɗaya, in bai dawo ba ita da kanta za ta kama hannuna ta kai ni gaban alƙali, ba za ta ci amanar ɗiyar mutane ba. Na ce amma Inna, kin sa yayana ya yarda da abin da ba haka ba. Ta ɗaga kai daga cinyata, da ƙarfinta, har da ɗan fushi.

"Ni ban ce shi ne ba. Ki tambayi duk wanda ke wurin. Sunansa kawai na kira." Ta mayar da kai ta kwanta, can ta ƙara da cewa, a hankali, "Tun ranar suna yake bakina, ɗiyata. Ya yi min nauyi."

Ba ta ƙara shekara ba bayan wannan. Maigidana ma ya daɗe da bin ta, yayana haka, mai bayanin nan kuwa ban ƙara ganinsa ba, ban san sunansa ba, amma ba na sallar da ba na sa shi a addu'a. Har shi dogon nan na cikin ruwa ina roƙa mishi, ko ya koma gida ko bai koma ba, shi ma da uwar da ta haife shi.

Shi ya sa ba na son in ji ana yi wa tsohon fim dariyar raini. Ku yi dariyarku, mu ma mun yi, ƙudan nan har yau yana ba ni dariya. Amma ku sani duk wanda kunka gani yana wucewa da sauri-sauri cikin zane-zanen nan, akwai wadda ta taɓa zama a tabarma tana jiran ya waiwayo. Na yi shekaru ina zaton Inna ba ta da tausayi, alhali ita ta fi mu duka ɗaukar kaya, ba ta dai da inda za ta sauke ne.

Wannan mai rubutun tun ɗazu take damuna, wai Kaka to mi ne ne sunan, a rubuta. Ita da sunan kakanta ne, ta san shi sarai, so take ta ji shi a bakina. Na ce ta ajiye wayar ta ɗebo min ruwa. Inna sau ɗaya ta faɗe shi a rayuwarta, sai da aurena ya zo bakin mutuwa. Ni ba abin da ya yi zafi.